6PPD

6PPD wani sinadari ne na masana'antu da ake haɗawa cikin robar tayoyin mota domin kare ta daga tsattsagewa da saurin lalacewa. Cikakken sunansa a ilimin sinadarai shi ne N-(1,3-dimethylbutyl)-N'-phenyl-p-phenylenediamine, tsarinsa kuwa C18H24N2. Kusan duk tayar da ake ƙerawa a duniya a yau tana ɗauke da shi, tun daga ta ƙananan motoci har ta manyan motocin dakon kaya. Idan sinadarin ya haɗu da iskar ozon yakan rikiɗa zuwa wasu sinadarai dabam, kuma wanda aka fi sani a cikinsu shi ne 6PPD-kwinon, da ake taƙaita sunansa da 6PPD-Q. A ƙarshen shekarar 2020 masu bincike a jihar Washington ta ƙasar Amurka suka gano cewa wannan kwinon ɗin ne ke kashe kifin salmon nau'in koho a ƙoramun birane bayan saukar ruwan sama. A yau ana lissafa shi cikin sinadarai mafiya guba ga kifi da aka taɓa aunawa.

Siffofi da yadda ake haɗa shi

6PPD daskararren abu ne mai duhun launi, tsakanin ruwan ƙasa da shunayya, kuma ana sayar da shi ga masana'antu a matsayin 'yan ƙwayoyi ko ɓarɓashi. Yana narkewa da zafin da bai wuce digiri 45 zuwa 50 a ma'aunin Salsiyos ba. Nauyin ƙwayar halittarsa kimanin giram 268 ne a kowane mol. Ba ya narkewa sosai a cikin ruwa, amma yana shiga cikin mai da roba cikin sauƙi. Ana samar da shi ta hanyar haɗa wasu sinadarai biyu, 4-aminodiphenylamine da methyl isobutyl ketone, tare da iskar haidirojin. Yana cikin dangin sinadaran da ake kira PPD, waɗanda suka haɗa da IPPD da DPPD da 77PD, amma shi ne aka fi amfani da shi a cikinsu.

Amfaninsa a cikin taya

Ozon wata iska ce mai ɗauke da ƙwayoyin oksijin uku. Akwai ta a can sararin sama inda take kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, akwai kuma kaɗan daga cikinta a iskar da ke kusa da ƙasa, musamman a biranen da hayaƙin motoci ya yi yawa. Ko da ƙanƙanuwa ce, ozon tana cin roba. Tana tsinka mahaɗan da ke riƙe da dogayen sarƙoƙin roba, sai fuskar robar ta bushe ta fara darewa. Wannan shi ne irin tsagewar da ake gani a gefen tsohuwar taya. Idan tsagar ta yi zurfi, taya tana iya fashewa ana cikin gudu.

Kafin zuwan sinadaran PPD, masu ƙera taya sun dogara da kakin da ke rufe fuskar roba. Kakin yana aiki idan taya na ajiye, amma da zarar ta fara juyawa tana lanƙwashewa sai rufin ya karye. Tun daga shekarun 1960 aka rungumi 6PPD domin ya toshe wannan giɓi. Yawanci yakan kai kashi 0.4 zuwa 2 cikin 100 na nauyin robar.

Yadda yake aiki shi ne, a hankali yake ratsowa daga cikin robar zuwa fuskarta. A can yake tarar ozon ya haɗu da ita kafin ta taɓa robar. Duk wanda ya ƙare a saman sai wani ya taso daga ciki ya maye gurbinsa, haka har tayar ta gama rayuwarta. Launin ruwan ƙasa da ke bayyana a gefen taya bayan ta kwana biyu alama ce ta wannan aiki. Saboda haka rikiɗar 6PPD zuwa wasu sinadarai ba wani aibi ba ne da aka samu wajen haɗa shi, ainihin aikin da aka sa shi ya yi ke nan. Ana kuma amfani da shi a wasu kayayyakin roba kamar bel ɗin injuna da tiyo da robar toshe mahaɗa.

Sinadaran da yake rikiɗa zuwa gare su

Haɗuwar 6PPD da ozon tana haifar da sinadarai masu yawa. A wajen samuwar 6PPD-kwinon, ƙwayoyin oksijin biyu ne ke hawa kan zoben tsakiya na sinadarin, ƙwayoyin haidirojin biyu kuma su fita, sai tsarin ya koma C18H22N2O2, nauyinsa kuma ya zama kimanin giram 298 a kowane mol. Wani ɓangare kaɗan ne na 6PPD ke komawa kwinon, amma da yake tayoyin duniya suna da yawa, abin da ke taruwa ba kaɗan ba ne.

A cikin ruwa ma 6PPD ba ya daɗewa yadda yake. Cikin sa'o'i zuwa 'yan kwanaki yakan wargaje ya bar wasu sinadarai, daga ciki akwai 4-hydroxydiphenylamine da 1,3-dimethylbutylamine. Kwinon ɗin kuwa ya fi uwar tasa daɗewa a ruwa, don haka yana samun lokacin da zai yi tafiya daga bakin titi har cikin rafi. Sauran sinadaran dangin PPD su ma suna haifar da nasu kwinon. Wani bincike da aka buga a 2022 ya samu irinsu da dama a cikin iska da ƙasar gefen titi da ruwan kwata a Hong Kong.

Yadda yake isa cikin ruwa

Duk lokacin da mota ta yi tafiya, ko ta taka birki, ko ta sha kwana, fuskar tayar da ke gogar kwalta tana cinyewa tana zubar da ƙananan ɓurɓushi. Ana ƙera tayoyi kusan biliyan 3 a kowace shekara. Wani nazari na 2017 ya ƙiyasta cewa ɓurɓushin taya da ke zuba a duniya ya kai kimanin tan miliyan 6 a shekara, wato kusan giram 800 a kan kowane mutum. Waɗannan ɓurɓushi suna kwanciya a kan titi da wuraren ajiye motoci, inda iska da rana ke ci gaba da taɓa su, kwinon yana ƙara samuwa a jikinsu.

Idan aka yi ruwan sama, ruwan ba ya iya nutsewa cikin kwalta ko siminti. Sai ya kwashi abin da ke kan titi ya bi magudanai. A birane da yawa, magudanan ruwan sama ba sa bi ta matatar ruwa, kai tsaye suke zuba cikin rafi ko kogi mafi kusa. Ruwan da ya sauka bayan an daɗe ba a yi ruwa ba shi ya fi ɗauko datti, domin ƙurar makonni ce ta taru. Yawan kwinon a rafi yakan hau cikin 'yan sa'o'i bayan fara ruwa, sannan ya sauka a hankali. Wannan ne ya sa wanda ya ɗebi ruwan rafi ranar da gari ya yi garau zai iya auna shi bai ga komai ba.

An samu 6PPD-kwinon a ruwan titunan Seattle da Los Angeles da San Francisco, a kogin Don na birnin Toronto, a narkakkiyar dusar ƙanƙara ta birnin Saskatoon a Kanada, da kuma wani rafi a yankin Brisbane na Ostiraliya. Tsofaffin tayoyin da ake niƙawa a shimfiɗa a filayen ƙwallo masu ciyawar roba da wuraren wasan yara su ma suna ɗauke da shi.

Tarihin gano gubar

Kifin koho, wanda sunansa na kimiyya Oncorhynchus kisutch, yana rayuwa a arewacin Tekun Fasifik da kogunan da ke zuba cikinsa. Ana ƙyanƙyashe shi a ƙananan ƙoramu masu sanyi, ya yi kusan shekara guda a ruwan daɗi, sannan ya gangara teku ya yi kamar shekara ɗaya da rabi yana girma. Idan ya kai shekara uku sai ya juyo zuwa ƙoramar da aka haife shi domin ya zuba ƙwai, daga nan kuma ya mutu. Sau ɗaya tak yake hayayyafa a rayuwarsa. Dawowar tasa tana faɗowa ne a lokacin kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, daidai lokacin da ruwan sama ke kankama a yankin bayan bushewar bazara.

A shekarun 1990 birnin Seattle ya kashe kuɗi wajen gyara ƙoramunsa domin kifin ya dawo. An cire abubuwan da suka toshe hanyar ruwa, an dasa itatuwa a gaɓa. Kifin ya dawo, amma masu sa ido suka fara ganin wani abin mamaki. Bayan an yi ruwa, sai a ga manyan kifaye masu ƙoshin lafiya suna taso wa saman ruwa, suna zagaye wuri ɗaya, suna buɗe baki kamar masu neman iska, fukafukansu a baje. Daga nan su kasa tsayawa daidai, su kife, su mutu cikin 'yan sa'o'i. Idan aka farke matan, sai a tarar da ƙwansu cike a ciki ba su zuba ba.

Masana na Hukumar Kula da Tekuna da Sararin Samaniya ta Amurka, NOAA, ƙarƙashin jagorancin Nathaniel Scholz, sun bi diddigin lamarin daga 2002 zuwa 2009, suka buga sakamakon a 2011. A ƙoramar Longfellow da ke yammacin Seattle, kashi 60 zuwa 100 cikin 100 na matan da suka dawo ne ke mutuwa kafin su zuba ƙwai, gwargwadon shekara. A wata ƙorama da ke daji nesa da gari kuwa, mutuwar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. An duba zafin ruwa, an duba ƙarancin oksijin, an duba cututtuka da magungunan ƙwari, duk ba su bayyana dalilin ba. Abin da taswirori suka nuna shi ne, inda tituna da zirga-zirgar motoci suka fi yawa, nan mutuwar ta fi tsanani.

Mataki na gaba shi ne gwaji a cikin tankuna. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna cewa ruwan da aka tara daga babban titi yana kashe manyan koho gaba ɗaya cikin kwana guda. Amma da aka haɗa ruwa na musamman mai ɗauke da ƙarafa da sinadaran man fetur da aka riga aka san suna cikin ruwan titi, kifin bai mutu ba. Wannan ya tabbatar da cewa mai kisan wani abu ne da ba ya cikin jerin da ake aunawa. A 2018 aka kwatanta sinadaran ruwan da kifi ya mutu a ciki da na man inji da ruwan birki da sauran abubuwan da mota ke zubarwa, sai aka ga sun fi kama da na ruwan da aka jiƙa garin taya.

Ruwan jiƙon tayar yana ɗauke da sinadarai fiye da 2,000. Zhenyu Tian da Edward Kolodziej na Jami'ar Washington, tare da Jenifer McIntyre ta Jami'ar Jihar Washington da abokan aikinsu, suka riƙa rarraba ruwan kashi-kashi bisa siffofin sinadaran. Kowane kashi sai a gwada shi a kan ƙananan koho. Wanda ya yi kisa a sake raba shi, wanda bai yi ba a ajiye. A ƙarshe suka tsaya a kan sinadari guda mai tsarin C18H22N2O2, wanda bai dace da komai ba a cikin jerin sinadaran taya da aka sani. Tian ne ya lura cewa yawan ƙwayoyin kabon da naitirojin ɗinsa daidai yake da na 6PPD, bambancin kawai a oksijin da haidirojin ne. Da suka busa wa 6PPD iskar ozon a ɗakin gwaji, sai ga sinadarin ya fito, kuma ya kashe kifin da irin alamomin da ake gani a ƙorama. Mujallar Science ta wallafa binciken a watan Disamba na 2020, kimanin shekaru ashirin bayan fara ganin mutuwar.

Ƙarfin gubar

Masana suna auna guba ga halittun ruwa da wani ma'auni da ake kira LC50, wato yawan sinadari a cikin ruwa da zai kashe rabin halittun da aka gwada cikin ƙayyadadden lokaci. Idan adadin ya yi ƙasa, to gubar tana da ƙarfi. Maikirogiram ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram, nanogiram kuma kashi ɗaya cikin biliyan.

A rahoton farko an ba da kimanin maikirogiram 0.8 a kowace lita ga ƙananan koho. A 2022, bayan an samu tataccen samfurin sinadarin da za a daidaita na'urori da shi, masu binciken suka sake aunawa suka samu nanogiram 95 a lita, wato gubar ta ninka yadda aka fara zato fiye da sau takwas. Wani gwaji a Kanada a kan 'ya'yan kifin da ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba ya ba da nanogiram 41 a lita. Don a gane ƙanƙantar adadin, tankar mota mai cin lita 33,000 idan aka cika ta da ruwa, miligiram 3 kacal na sinadarin ya isa ya kai ruwan matakin nanogiram 95 a lita. Tafkin ninƙaya na gasar Olamfik mai lita miliyan biyu da rabi kuwa, kusan rubu'in giram ya ishe shi.

Shi kansa 6PPD guba ne ga halittun ruwa, kuma an daɗe da sanin haka. Takardun gargaɗin da ke rakiyarsa suna bayyana shi a matsayin mai tsananin guba ga rayuwar cikin ruwa, mai kuma jawo ƙaiƙayi da borin fata ga ma'aikatan da ke taɓa shi. Sai dai ga kifin koho, ana buƙatar kimanin maikirogiram 250 na 6PPD a lita kafin rabi su mutu. Ke nan abin da ya rikiɗa ya zama ya fi shi guba ga wannan kifi fiye da sau 2,500.

Bambanci tsakanin halittu

Wani abin da ya ba masana mamaki shi ne yadda kifaye 'yan dangi ɗaya suka sha bamban wajen jure wa kwinon. Salmon nau'in chum yana shiga ƙoramu ɗaya da koho a lokaci ɗaya, yana shan ruwa ɗaya, amma ba ya nuna alamar ciwo. Gwaje-gwaje sun nuna kamar haka:

- Koho shi ne ya fi kowa rauni, yana mutuwa a ƙasa da nanogiram 100 a lita.
- Kifin tirawut na rafi, Salvelinus fontinalis, rabi sun mutu a maikirogiram 0.59 a lita cikin sa'o'i 24.
- Kifin Salvelinus leucomaenis na Japan ya mutu a kimanin rabin maikirogiram a lita.
- Tirawut mai launin bakan gizo, Oncorhynchus mykiss, rabi sun mutu a kimanin maikirogiram 1 a lita cikin sa'o'i 72.
- Salmon nau'in Chinook ya fi koho juriya nesa ba kusa ba, duk da cewa ruwan titi da ba a tace ba yana kashe wasu daga cikin ƙananansa.
- Chum da jan salmon, Oncorhynchus nerka, da Salvelinus alpinus na yankin Aktik da kuma babban kifin nan Acipenser transmontanus ba su mutu ba ko a adadin da ya zarce wanda ake samu a ƙoramu.

A wani bincike da aka yi a Japan a 2021, an gwada kwinon a kan ƙananan kifayen da aka saba amfani da su a ɗakunan gwaji, wato Danio rerio da medaka, da kuma ƙananan halittun ruwa masu ɓawo irin su Daphnia magna da Hyalella azteca. Babu wanda ya mutu, ko da aka kai iyakar abin da ruwa ke iya narkarwa. Amma uwar sinadarin, 6PPD, tana kashe medaka a 'yan gomman maikirogiram a lita. Wato ga wasu halittu uwar ce ta fi haɗari, ga wasu kuma abin da ta haifa.

Wannan sakamako yana da muhimmanci ga yadda ake tantance sinadarai kafin a ba da izinin sayar da su. Yawanci ana gwada sinadarin ne yadda ya fito daga masana'anta, a kan 'yan nau'o'in halittu da aka amince da su a matsayin wakilan sauran. Da an bi wannan tsari kaɗai, da ba a ga haɗarin da ke kan koho ba, domin ba a gwada abin da sinadarin ke komawa a kan titi ba, kuma halittun da aka saba gwadawa suna jure masa.

Yadda yake kashe kifi

Kifin da ya sha ruwan titi jininsa yakan yi kauri sosai, yawan jajayen ƙwayoyin jini ya hau idan aka kwatanta da ruwan jinin. Wani bincike na 2021 ya nuna cewa a jikin koho ruwan jini yana yoyo daga ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, alamar cewa shingen da ke raba jini da ƙwaƙwalwa ya lalace. Wannan ya dace da ruɗewa da zagaye wuri ɗaya da ake gani kafin mutuwa. An kuma ga cewa sinadarin yana dagula yadda ƙwayoyin halittar gaɓoɓin numfashin kifi ke sarrafa oksijin su samar da kuzari. Ɗaya daga cikin bayanan da masana ke bi game da bambancin juriya shi ne cewa wasu kifaye suna da hantar da ke saurin sauya sinadarin zuwa wani abu marar ƙarfi su fitar da shi. Idan alamomin suka riga suka bayyana a jikin koho, mayar da shi cikin ruwa mai tsabta ba ya ceton sa.

Tasiri ga muhalli da al'umma

Da yake koho sau ɗaya yake hayayyafa, mutuwar mace guda kafin ta zuba ƙwai asarar dubban ƙwai ce, kuma babu damar ramawa a shekara mai zuwa. Lissafin da masana suka yi ya nuna cewa idan irin wannan mutuwa ta ci gaba, koho zai iya ƙarewa a wasu ƙoramun birane cikin 'yan gomman shekaru. Ƙananan kifin da ke shafe shekara guda a ƙorama su ma suna fuskantar kowane ruwan sama da ya sauka. Dama wasu rukunonin koho a jihohin Kaliforniya da Oregon da ƙasan kogin Columbia suna cikin jerin halittun da dokar Amurka ta 1973 ke karewa saboda barazanar ƙarewa.

Salmon abinci ne ga tsuntsaye da dabbobin daji da na teku, gawarsa kuma tana kai takin teku cikin dazuzzukan da ke gefen ƙoramu. Ga ƙabilun asali na yankin, kifin shi ne ginshiƙin abinci da al'ada da tattalin arziki. Yarjejeniyoyin da suka ƙulla da gwamnatin Amurka a shekarun 1850 sun tabbatar musu da haƙƙin kamun kifi, kuma wani hukuncin kotu na 1974 da aka fi sani da hukuncin Boldt ya ba ƙabilun jihar Washington rabin kifin da ya halatta a kama. Haƙƙin ba ya da amfani idan kifin ya ƙare, shi ya sa ƙabilun suke kan gaba wajen neman a ɗauki mataki.

Game da ɗan'adam, an samu 6PPD da kwinon ɗinsa a ƙurar tituna da ta cikin gidaje da ƙananan ɓurɓushin da ke yawo a iska. Wani bincike na 2022 a kudancin ƙasar Sin ya same su a fitsarin manya da yara da mata masu juna biyu. A wani gwaji a Jami'ar Vienna an ga ganyen latas yana zuƙar sinadaran taya ta saiwarsa.

Hanyoyin rage illa

Hanyar da ta fi tabbata zuwa yanzu ita ce tace ruwan titi ta cikin ƙasa kafin ya isa rafi. Tun kafin a san sunan gubar, gwaje-gwaje a jihar Washington sun nuna cewa idan aka bi da ruwan titi ta cikin haɗin yashi kashi 60 da ruɓaɓɓen taki kashi 40, koho ba ya mutuwa a cikinsa. Dalili shi ne kwinon yana manne wa ruɓaɓɓun ganyaye da makamantansu maimakon ya bi ruwa. A kan wannan ne ake gina 'yan lambuna masu zurfi a gefen tituna, inda ruwan sama ke taruwa ya nutse. Wani gwaji a birnin Vancouver da aka buga a 2023 ya nuna irin wannan lambu yana iya riƙe kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin. Ana kuma nazarin share tituna da motocin zuƙe ƙura da shimfiɗa kwaltar da ruwa ke iya ratsawa.

Matsalar ita ce tituna suna da yawa, kuma gina matata a bakin kowace magudana aiki ne mai tsada da zai ɗauki shekaru. Saboda haka ake neman sinadarin da zai maye gurbin 6PPD a cikin taya. Wannan ma ba abu ne mai sauƙi ba. Dole sabon sinadarin ya kare roba na tsawon shekaru, ya riƙa tasowa fuskar taya da saurin da ya dace, kada ya ɓata sauran haɗin robar, sannan shi da duk abin da zai rikiɗa ya zama su kasance marasa guba. Cire 6PPD ba tare da madadi ba zai sa tayoyi su riƙa lalacewa da wuri, abin da ke nufin ƙarin haɗurra a kan hanya da ƙarin tsofaffin tayoyi a juji. Ko an samu madadin ma, tayoyin da ke kan hanya yanzu za su ci gaba da zubar da sinadarin har su ƙare.

Matakan doka

Jihar Kaliforniya ce ta fara ɗaukar mataki. Daga 1 ga Oktoba 2023, sashenta mai kula da abubuwa masu guba ya wajabta wa kamfanonin da ke sayar da tayoyi masu 6PPD a jihar su binciki abin da zai iya maye gurbinsa. Ƙungiyar masu ƙera tayoyi ta Amurka ta haɗa kan kamfanoni fiye da 30 domin wannan aiki, suka miƙa rahotonsu na farko a 2024.

A watan Agusta na 2023 ƙabilun Yurok da Port Gamble S'Klallam da Puyallup, ta hannun lauyoyin ƙungiyar Earthjustice, suka shigar da koke gaban Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, EPA, suna neman a hana amfani da 6PPD a taya bisa dokar kula da sinadarai masu guba ta 1976. Hukumar ta karɓi koken a watan Nuwamba na wannan shekara, kuma a Nuwamba na 2024 ta fitar da sanarwar fara tattara bayanai domin tsara ƙa'ida. A Nuwamban 2023 ɗin ne kuma wasu ƙungiyoyin masunta biyu na gaɓar Tekun Fasifik suka kai kamfanonin taya 13 ƙara a wata kotun tarayya da ke Kaliforniya, bisa zargin cutar da kifayen da doka ke karewa.

A 2024 EPA ta fitar da daftarin hanyar auna 6PPD-kwinon a ruwa domin ɗakunan gwaji su riƙa bin tsari ɗaya. Ta kuma ba da adadin da za a riƙa dubawa wajen kare halittun ruwan daɗi daga illar ɗan gajeren lokaci: nanogiram 11 a lita ga kwinon, da maikirogiram 8.9 a lita ga 6PPD. A cikin shekarar ce jihar Washington ta sanya iyakar nanogiram 12 a lita cikin dokokinta na ingancin ruwa, ta zama jiha ta farko a Amurka da ta kafa wa sinadarin iyaka ta doka.